Baba Kofur da Littafin da Na Ja wa Layi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsakiyar darasi shugaban makaranta ya leƙo ya ce Allah Ya yi wa Baba Kofur rasuwa. Na ajiye alli, na yi salati, na sallami ɗalibai.

Baba Kofur, shekara goma sha tara ka yi kana gadin ƙofar makarantarmu bayan ka ajiye kaki. Ƙarfe takwas daidai kake rufe ƙofa, ba ruwanka da wanda ya makara. Ni kaina sau biyu ka tsayar da ni a layi ɗaya da ɗalibaina. Amma duk ɗalibar da ta fito gida ba ta karya ba, a bencinka take shan shayi kafin ta shiga aji.

Kowace shekara ina koyar da 'yan aji shida wani tsohon littafin yaƙi, labarin matashin sojan da tsoro ya kama, daga baya ya dake. Kai kuma sai a lokacin darasin nan furannin gindin tagata suke bukatar ruwa, kana ba su kana saurare. Wata rana ka tare ni ka ce, "Malama, mai littafin nan bai yi ƙarya ba. Ke ce dai kike saurin wuce wajen tsoron." Na yi dariya na wuce, don a ganina ni ce mai digiri.

Bara Autana, wanda ya shiga soja, ya zo hutun mako biyu. Da ranar komawa ta matso sai ya daina cin abinci. Daga baya ya faɗa mini ba zai koma ba, an harbe abokinsa a kusa da shi. Na san sojan da ya ƙi komawa kama shi ake yi, kuma a raina ni ma ba na so ya koma. Sai na yi abin da na iya. Na ɗauko littafin, na bi wuraren jarumta na ja musu layi da jan biro, na miƙa masa kamar mai ba da jinga. Ya buɗe, ya rufe, ya bar mini ɗakin. Har yau ina jin kunyar wannan abu.

Washegari ya kawo ni makaranta. Kallo ɗaya ka yi masa ka ce, "Ɗana, zo ka zauna." Kwana uku yana zuwa bencin nan. Ba ka yi masa wa'azi ba. Ka gaya masa shekara ashirin da biyu ka yi a soja, kuma babu ranar da aka ce a fita fagen daga da tsoro bai kama ka ba. Ka ce idan ya koma ya je wurin likitan bariki ya faɗi abin da ya gani, kada ya haɗiye shi kamar yadda kuka yi a zamaninku. Ranar tafiya kai ka goge masa takalma, ka raka shi tasha da ƙafarka mai ciwo.

Ya koma, ya ga likitan, yana bakin aikinsa. Duk ranar da ya samu waya, kafin ya tambayi lafiyata sai ya tambayi taka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka mata uku, da jikokinka, da abokan aikinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba iyalinka haƙurin rashinka.

Jiya Auta ya kira ya ce, "Umma, ki gaida mini Baba Kofur." Na ce to. Yau kwana shida ke nan da rasuwarka, na kasa gaya masa. Allah Ya ba ni ƙarfin halin da zan kira shi gobe.