Ni da na faɗi gaskiya aka fitar daga wasan

Jiya a Gumel, wajen bitar malamai kan blockchain, fasahar da aka ce ba a murɗa bayananta, malamarmu ta sa mu wasa. Ta nuna mana jar hula ta ɓoye, ta ce kowa ya faɗi launinta, wanda ya saɓa wa mafi rinjaye ya fita.

Ashe ta haɗa baki da yawancin ajin. Suka ce shuɗiya, na ce ja, aka fitar da ni.

Na ce, "Malama, ai ja ce."

Ta ce, "Ja ce, Malam. Amma a blockchain, in maƙaryata suka rinjaya, tasu ake ɗauka."

Har yanzu kaina a ɗaure yake, ga shi ni zan koya wa ɗalibaina wannan wasan a Ɗanzomo. Jama'a, wace kala zan ce su faɗa?