Zaren Inna Tela

Duk wanda ya shiga shagon Inna Tela, kafin ya ga keken ɗinki sai ya ga kifi. Akwatin gilashi ne ta girke a kan teburin da ya kamata a jera yadi, ruwa garai-garai, ciyayi na rausaya a ciki. Ta fara ɗinki tun kafin a haifi yawancin masu kawo mata aiki, amma yabi ɗinkinta ka ga ta taɓe baki. Yabi Gimbiya kuwa, ranar har kujera za a jawo maka.

Gimbiya kifin mala'ika ce, irin faffaɗan nan masu dogayen fukafukai da suke ja a ruwa kamar mayafi. Ba ta fi maɓallin riga ba lokacin da Inna ta sayo ta, ta rene ta har ta kai tafin hannu. Ba kuma kowa ake ba masauki kusa da ita ba. Kifin da ya cika ƙanƙanta, Gimbiya ce za ta haɗiye shi, don ita ma ba waliyyiya ba ce. Mai rawar kai kuma shi zai yaga mata fiffike. Saboda haka Inna na da dabararta: baƙon kifi a kwalba yake sauka, ta tsinko zare ta zura a ruwan tana kaɗawa. Wanda ya kai wa zaren cizo, ko kyauta ne ba ya shiga. Da haka ta zaɓo 'yan kifaye masu gemun da ke sharar ƙasan akwatin, da wasu jajaye masu sanyin hali, ake zaune lafiya.

Sai ga surukinta, mijin autarta, direban babbar mota, mutum mai kunyar da ko gaisuwa a ciki-ciki yake yi. Ya daɗe yana neman abin da zai faranta mata. Ya dawo daga wata tafiya da leda cike da ruwa, wasu kifaye masu zane-zane na ta tsalle a ciki.

"Inna, ga tsaraba. Na ce a sama wa Gimbiya abokai."

Kallo ɗaya ta yi musu ta ga alamar rawar kai. Ta dubi zare, ta dubi fuskar yaron da ke ta washe baki, sai kunya ta kama ta. Yaya za a yi ta gwada tsarabar suruki a gabansa? Ta yi godiya, ta juye su a akwatin.

Washegari da ta buɗe shago, Gimbiya na maƙale a bayan ciyawa, fukafukanta sun zama tsumma. Ta ƙi abinci. Matar da ba a taɓa kawo mata yagar da ta gagare ta ba, ga yaga a gabanta babu inda za ta soka allura. Ta zauna a kan kujerar keke ta yi hawaye, sannan ta ɗauko rariya ta tsame 'yan ta'addan ta zuba a kwalba.

Da la'asar surukin ya leƙo. Ya ga tsarabarsa a kwalba, murmushinsa ya ɗauke.

"Zo nan, ɗana," in ji Inna. Ta miƙa masa zare. "Zura ka kaɗa."

Ya zura. Kifayen suka yi ca a kai, kowa na fizga. Ya juya ya kalli Gimbiya, ya daɗe yana kallo, ya sunkuyar da kai.

"Inna, na yi ɓarna."

"Kai tsaraba ka kawo. Ni ce na san zare na ƙi ɗauka. Ka kai su gidanku, su kaɗai a akwatinsu lafiya lau ne."

Daga nan jinya ta kama. Inna na sauya ruwa, tana lallaɓa abinci a bakin ciyawar, ta hana masu kawo ɗinki ƙwanƙwasa gilashi. Sannu a hankali Gimbiya ta fito, wani fari-fari ya tsiro a gefen yagar, ya miƙe, har ya rufe. Sai ka matsa kusa za ka ga tabon, Inna kuwa kowa ya shigo sai ta nuna masa, tana cewa a duba mata wannan ɗinkin da ba hannu a ciki.

Surukin ya ɗauke ƙafa, har ta fara zaton fushi ya yi, abin ya tsaya mata a rai. Ran nan sai ga shi da wata ledar, kifi biyu masu gemu kwance a ƙasa abinsu. Daga aljihun rigarsa wani jiƙaƙƙen zare na leƙowa.

"Inna, na gwada su a wurin mai sayarwa. Dariya ya yi ta yi min."

Hannunta ya riga ya kai kan nata zaren. Ta dubi na aljihunsa, ta janye hannun, ta ɗaga murfin akwatin.

"Juye su da kanka, ɗana."