Malam Yaro, Wanda Ya Hana Hutu Cinye Mana Karatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1989, ina bakin aiki a Maiyama labari ya iske ni cewa Allah ya yi wa Malam Yaro Abdu rasuwa a gidansa da ke Jega, bayan gajeriyar jinya. Shi ne ya koya mana lissafi da kimiyya a sakandare.

Malam, ka same mu muna gudun lissafi kamar ciwon ido. Haddace shi muke yi, mu juye a takardar jarrabawa, mu tafi hutun damina. Kafin a yanke gero babu abin da ya rage a kanmu. Ba ka taɓa dukanmu a kan haka ba. Zolayarmu kake yi, wai kawunanmu rumbu ne marar gindi.

Sai ka fito da dokarka: duk wanda zai tafi hutu, ya zaɓi mutum ɗaya a gidansu ya koya masa abin da aka yi a aji. Ba mu za ka tambaya ba, ɗalibin namu za ka tambaya. Mun ɗauka wasa ne, sai da muka ji ƙarar babur ɗinka a Andarai da Jiga Makera, kana ratsa laka kana sallama gida-gida.

A wannan shekarar ne mahaifina ya yanke shawarar cire ni daga makaranta. Ya tambaye ni abin da na koyo, na tsaya ina sosa ƙeya. Ya ce bokon da bai kwana a kai bai kai a rasa hannu guda a gona dominsa ba. Da ka iso garinmu Fagada na gaya maka, ban ga ko gezau a fuskarka ba. Ka tambaye ni wa na zaɓa, na ce ƙanena. Ka ce a'a, Baba zan koya wa.

Na ji tsoro ƙwarai. Amma ka zauna da shi a gindin tsamiya ka roƙi arziki, ya yarda don kunyarka. Muka ɗauki igiya muka auna gonar tudu, tsawo da faɗi, ina nuna masa yadda ake fitar da takin zamanin da zai ishe ta. Duk inda na yi tuntuɓe sai ya tsare ni da tambaya, dole na koma na fahimci abin da a da haddacewa kawai nake yi. Abin da na koya masa a daminar nan bai sake fita kaina ba, maganar cire ni kuma ba ta sake tasowa ba. Yau ni ma malamin lissafi ne, kuma dokarka nake bi.

Ranar addu'ar uku Baba ya ce sai an kai shi Jega, duk da ƙafa ta yi nauyi. Ya ƙi tabarmar dattawa, ya zauna cikin tsofaffin ɗalibanka. Wani ya ce masa, "Baba, ku matso nan, can wurin yaran makaranta na."

Ya ce, "Ku bar ni inda ni ke. Ni ma ɗalibin ɗalibinai na."

Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Gudiya, da 'ya'yanka Magaji da Adama, da sauran dangi. Allah ya ba su haƙuri. Malam, Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ilimin da ka bari ya riƙa isko ka har tashin ƙiyama. Amin.

Rufa'i Gidaɗo Fagada