Kafin Ya Cika Shekara Biyu

Ko da zan tsufa har in manta hanyar gidanmu na unguwar Ammariyya, ba na jin zan manta shekarun da na yi ta jiran wata kotu a Kano ta ba ni yaron da zuciyata ta riga ta kira ɗana.

A Jidda aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan na yi aure. Muna zaune a unguwar Madain Fahd, maigidana yana aiki a wani sito a Khumra. Mun daɗe Allah bai ba mu haihuwa ba. Ana nan sai 'yar ƙanwar mahaifiyata ta rasu a Kano wajen haihuwa, ta bar jariri namiji, ga shi mahaifinsa ya riga ta rasuwa tun tana da ciki. Kakarsa ta wajen uwa, wato ƙanwar mahaifiyata wadda muke ce wa Inna, ita ta ɗauke shi, ga tsufa ga ciwon ƙafa. Ranar da aka turo mini hotonsa yana barci, ya dunƙule hannu a ƙarƙashin haɓa kamar mai tunanin duniya, na ji wani wuri da ya daɗe a rufe cikin ƙirjina ya buɗe.

Muka nemi riƙonsa. Muka ɗauki lauya, aka yi ta kai da komo, har kotu ta ba mu. Na yi kuka, na raba dabino a gidanmu hawa-hawa. Murnar ba ta yi nisa ba lauya ya kira ya ce baffan yaron ya ɗaukaka ƙara, kuma kotu ta ce yaro ya zauna a hannun Inna har a yanke hukunci.

A lokacin na ɗauki mutumin nan maƙiyi. Yanzu da na ƙara hankali, na san ba haka ba ne. Abin da ya faɗa shi ne ba zai bari ɗan ɗan'uwansa ya tashi a ƙasar da ba zai taɓa zama ɗanta ba. Maganar ta yi mini zafi ne don gaskiya ce. Ni kaina da aka yanke cibiyata a nan, da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, nake zaune.

Mahaifiyata ce ta ƙara mini wani tunanin. Wata la'asar muna shan shayi ta ce, “Ya binti, namiji ne fa. Yau jariri, gobe gemu. Ba muharraminki ba ne. Za ki raine shi, ya balaga ki koma yafa mayafi a gabansa cikin gidanki?” Ta ƙara da cewa, “Ki yi yadda matan nan suke yi idan sun ɗauki maraya. Ki shayar da shi sau biyar ya ƙoshi kafin ya cika shekara biyu, halas, ya zama ɗanki na nono har abada.”

Na je wurin likita, ta ba ni magani da na'urar tatsa, mahaifiyata kuma ta dame ni da hulba har gumina ya koma warinta. Maigidana yakan shigo ya ce, “Yau ma a shagon mai kayan ƙamshi zan kwana?” Watanni ba komai. Sai wata safiya na ga ɗigo fari, ɗan ƙanƙani, kamar raɓa. Na zauna ina kallonsa, na rasa wanda zan gaya wa.

Daga nan jira ya sake kama. Da can zuciyata kaɗai ke jira, yanzu har jikina. In tatsa, in zubar. Lauya ya kira ya ce an ɗage zama, fayil bai iso ba. Ya sake kira, an canza alƙali. Ya sake kira, ma'aikatan kotu suna yajin aiki. Na kai matsayin da daga yadda ya yi sallama nake gane an ɗage. Ta waya na ga yaron ya fara rarrafe, ta waya na ga ya miƙe yana bin bango. Wani lokaci nakan je bakin teku da yamma in tsaya ina kallon yamma, ina raya cewa a bayan wannan ruwan akwai ɗan ƙaramin mutum da bai san ana kewarsa ba.

A ƙarshe lauya ya ce an sa ranar zama, kuma bisa takardar haihuwar yaron, zaman zai riga cikarsa shekara biyu. Hankalina ya ɗan kwanta. Sai ga maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya me zan dafa na sha'abana, wato fitar da mata suke yi a ci a sha kafin azumi. Nan take na tuna. A wurin sha'abana labarin haihuwarsa ya same mu. Shekara biyun shayarwa da watan sama ake ƙirga ta, ni kuwa na biye wa kalandar kotu har na manta. Rajab na dab da ƙarewa. Ranar da alƙali zai zauna, lokacina ya riga ya wuce.

Maigidana bai yi dogon zance ba. Ya fitar mini da bizar fita da dawowa, ya ce, “Yalla, tafi. Kotu ta hana shi zuwa, ba ta hana ki ba.”

Da na sauka Kano, Inna ta ce ba za ta bari a yi komai a ɓoye ba, sai baffansa ya sani. Aka kira shi. Ya zo ya zauna a bakin tabarma, ya ƙi kallona. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani.

Ya ce, “Hajiya, dabara ce ta cin shari'a?”

Na ce, “Baffa, wallahi ko kai aka ba wa riƙonsa, ina so duk ranar da ya girma ya shigo wurina ba shamaki.”

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, “Ni ban kai nono ƙara ba. Ba shi.”

Sai dai shi yaron ba a yi shawara da shi ba. Ya dube ni, baƙuwa mai Hausa a karkace, ya ruga ya ɓuya a bayan Inna. Na miƙa hannu, ya tsala ihu. Inna ta yi dariya ta ce, “Wannan miji nawa akwai jan aji.” Ta tambayi malamin unguwa, ya ce ko a kofi ya sha ya ƙoshi, ya wadatar. Na tatsa a ƙaramin kofinsa na roba, Inna ta ba shi, ni ina laɓe a bayan labule ina jin ƙarar haɗiyarsa. Haka muka yi ta yi har sau biyar. A na ƙarshe ne ya karɓi kofin daga hannuna, ya jingina da gwiwata yana sha yana wasa da zoben yatsana. Ban motsa ba har ƙafata ta mutu.

Na dawo Jidda ni kaɗai. Shari'ar ta ƙara jan lokaci, daga baya aka ba baffansa riƙo. Ba zan ɓoye ba, na yi jinyar wannan hukuncin, kuma har yau idan na ji yara suna tashi daga makaranta a layinmu, kunnena yakan nemi muryar da ba ta cikinsu. Amma duk Juma'a baffansa da kansa yake kira, in ji yana cewa, “Zo ka gaida Ummanka.”

Abin da na koya shi ne, in kana jiran abin da ke hannun wasu, kada ka shagala har naka na hannu ya wuce lokacinsa. Alƙali ya yanke inda yaron zai kwana, kuma na karɓa. Zama uwarsa kuwa, wannan ban jira an ba ni ba.