Goran Hassi

A Argungu, kakarmu Tumba ba ta tatsuniya sai ta hura wutar bandar kifi. Bayan magariba mukan kewaye ta, hayaƙi na cin idanunmu, ita kuwa tana juya tarwaɗa tana zagin wanda ya matso kusa da yawa. Ni take ce wa angonta, kuma ni na fi shan zagin.

Wadda muka fi roƙo ita ce Goran Hassi. Wani masunci ne ya shiga gulbi, sai goran da yake hawa ya dawo shi kaɗai. Ɗiyarsa Hassi ta zauna bakin ruwa tana kaɗa goran tana waƙa. Gulbi ya miƙo mata wani attajiri mai sunan ubanta, ta ƙi. Ya miƙo malami mai sunan, ta ƙi. Da ya gaji da ita, ya fito mata da tsohonta, jiƙe sharkaf.

Lokacin da muka dawo da Kaka gidana a Nassarawa, Birnin Kebbi, tsufa ya riga ya taɓa ta. Labarin na nan a bakinta, waƙar ce ta ɓace. Ni ma ban riƙe ba, kuma duk tsaranta sun rasu. Abin ya dame ni fiye da yadda na nuna.

Na rubuta sunan tatsuniyar a waya, abu biyu suka fito. Ɗaya waƙar soyayya ce da kiɗan fiyano. Ɗayan wasan kwaikwayo ne na talabijin, inda Hassi ke da shagon ɗinki da mota, goran kuma yana rataye a falo. Na kunna mata duka.

"Wagga ba ita ta ba," in ji ta. "Waccan ma ba ita ta ba. Suna ɗai sunka ɗauka. Kashe abin ga, ango, ka jiya."

Ta jawo kwanon tuwo ta kife, ta fara bugawa cikin fushi: "Gulbi, ga goranka, ba ni tsohona." Har ƙarshe ta kai, ba ta yi tuntuɓe ba, ni kuwa ina naɗar muryarta a waya.

Da ina yaro na ɗauka taurin kai kawai Hassi ta yi. Yanzu na ga sanin nata ne ya hana ta karɓar na wani. Kaka ta rasu da damina. Waƙar tana cikin wayata, ta uku mai wannan suna, kuma ita kaɗai ke da ƙarar kwano.