Baƙin Labulen Mai Hoto

Shekara ashirin da biyu shagona na ɗinki yana jingine da shagon Mai Hoto, bango ɗaya ne a tsakaninmu. Ni ina nan da kekena, shi yana can cikin ɗakin duhunsa yana wanke fim a ƙarƙashin wata 'yar jar fitila. Matarsa ce ke zama a gaba tana karɓar masu zuwa, kuma babban aikinta shi ne tsare ƙofar nan mai baƙin labule, kada wani mai gaggawa ya yaye ya ɓata aikin yini guda. Wata uku ke nan da rasuwarsa, Allah ya ji ƙansa, amma har yau idan ƙofar shagon ta motsa sai na ɗaga kai.

Da waya ta shiga hannun kowa, wankin hoto ya mutu a tsaye. Ya rufe shago, ya rabu da kayan aiki, bai tafi gida da komai ba sai labulen nan. A lokacin ne ya samo akwatin gilashi mai cin ruwa bokiti goma, ya zuba tsakuwa, ya dasa wani ɗan reshen ciyawar ruwa da bai fi yatsa ba. Cikin shekara goma sha ɗaya reshen ya zama daji. Akwai mai dogon ganye kamar zare, akwai wata ja da ya fi ji da ita, ga ƙananan kifaye suna ratsawa a tsakani, har da wani tsoho mai yagaggen bindi da muke ce wa Kawu.

Yana da dokokinsa. Akwatin na kusurwar falo, nesa da taga. Fitilarsa awa shida take yi a kunne, da agogo yake aunawa. Abincin kifi sau ɗaya a rana, iya abin da zai zauna a kan farce. Duk mako yakan kankare gansakukar jikin gilashi da reza, ya zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, ya mayar da sabo.

Sau ɗaya na taɓa ganin ruwan ya juye kore, ko kifi ba a hange. Na ce ya zubar kawai ya sake wani. Ya yi mini dariya, ya ce wannan ma gansakuka ce, ƙanana ce ƙwarai tana yawo cikin ruwa, haske da ragowar abinci ne cimarta, ko an sake ruwan kwana biyu ta dawo. Maganinta yunwa. Ya ɗauko baƙin labulensa ya lulluɓe akwatin ruf, ya bar famfon da ke hura wa kifayen iska kaɗai yana aiki, ya ce kwana huɗu babu haske babu abinci. A rana ta biyu ya kama ni ina ɗaga gefe.

"Tela, hannunka na ƙaiƙayi, na sani," in ji shi. "Leƙe ɗaya ke ƙona fim."

Dangin matarsa ba su taɓa ganinsa da gashi ba. A wurinsu ƙaton mutum ne da ya rasa abin yi yana renon ciyawa a falo. Gaba-gaba wajen rainin nan shi ne ƙanin matar, wanda ke so a kira shi Injiniya, alhali iyakar injiniyancinsa sayar da ƙwan lantarki. Irin mutanen nan ne da idan ka ce kanka na ciwo za su gaya maka abin da likita bai sani ba. Mai Hoto bai taɓa tanka masa ba, sai dai bayan ya tafi ya ce mini, bar shi, gwangwani ne, sai ƙara.

Da aka yi rasuwa gida ya cika, aka rasa wurin zama. Injiniya ya sa aka kwashe rabin ruwan, ƙarti biyar suka ja akwatin har gindin taga, inda rana ke dukansa tun safe. Sannan ya ɗauko wata ƙatuwar fitila daga shagonsa ya rataya a kai, wai don masu gaisuwa su ga abin da marigayi ya bari, kuma duk wanda ya shigo sai ya ji daga bakinsa cewa shi ya kawo ta. Gwaggwanni da innoni da ba su taɓa kallon kifayen nan ba sai ga su da tausayi, wannan ta marmasa burodi, waccan ta jefa biskit, suna cewa marayu ne. Mutanen da suka yi shekaru suna yi masa dariya, cikin mako biyu suka kusa kashe masa abinsa da ƙauna ta ganin ido. Ni ma ina da laifi, ina waje ina ta kuka ban lura ba.

Ranar Litinin da na shiga gaishe da uwargidan, ruwan ya yi kore shar, kamar na kududdufi. Ta juya kujerarta ta ba shi baya. Ta ce ba ta iya kallo, gani take kamar shi ne ke ruɓewa a gabanta. Injiniya kuwa har ya yanke hukunci. Ranar Asabar zai zo ya zubar da ruwan, ya tumɓuke ciyayin tunda su ke kawo datti, ya wanke gilashin da bilic, ya sa furannin roba masu kyau waɗanda ba sa buƙatar kowa.

Na roƙe ta ta ba ni kwana huɗu. Ta ce in yi, amma in Asabar ta zo yana haka, ba za ta hana ƙaninta ba. Na zuƙe dattin ƙasa da tiyo, na kashe fitilar nan, na nemo labulen a ƙasan akwatin kayan marigayi na lulluɓe. Warin maganin wankin hoto bai bar jikinsa ba har lokacin, sai da na fita tsakar gida na ɗan tsaya.

Da komai ya tafi daidai, Juma'a za a buɗe. Amma ranar Laraba da hantsi, uwargidan ta tafi asibiti awon jini, Injiniya ya shigo ya yaye labulen, ya kunna fitilarsa, ya ɗauki hotuna da waya ya tura wa dangi, wai su ga tela na bizne kifi da rai. Ya ƙara musu da abinci cikin hannu guda, ya tafi ya bar komai a buɗe har la'asar. Sai a lokacin na zo na gani. Na sake tsotse abincin, na sake rufewa, na gaya mata gaskiya: lissafi ya koma farko, sai Lahadi.

Asabar da safe Injiniya ya iso da bokitai biyu da jarkar bilic da ledar furanninsa, ja da ruwan ɗorawa, masu ƙyalli. Ya dube ni ya ce in koma kan kekena, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ya kama yi wa yayarsa bayanin cewa duk mai rai haske yake so, wannan ko a makaranta an koyar. Na ja gefe, gidan ba nawa ba ne, alkawari kuma ya cika.

Sai ta tashi ta jawo kujerar da ta yi mako biyu tana ba akwatin baya, ta ajiye a gabansa, ta zauna ta harɗe hannu, daidai yadda take zama a shago.

"Yaya, matsa mana in yi aikina."

"Auta, shekara ashirin da biyu ina tsare labulen nan, manya masu mota ma ban bari sun ɗaga ba," ta ce. "Kwana ɗaya ba zai gagare ni ba. Kwashe robobinka."

Ya yi ta surutu, ya ce an juya mata kai, ya ce kada a neme shi in gida ya ɗauki wari. Babu wanda ya neme shi.

Lahadi da safe ita ta yaye da hannunta. Ruwan bai yi garau kamar na da ba, da ɗan hazo, amma ana ganin tsakuwa har bango. Jar ciyawar ta zubar da rabin ganyenta, kifi biyu sun mutu, na tsame su. Muna cikin dubawa sai ga Kawu ya fito daga bayan dutse da yagaggen bindinsa, ya zo gaban gilashi yana neman abinci. Ta ɗora tafin hannunta a wurin, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Na ji labari yanzu Injiniya na gaya wa masu sayen ƙwan lantarki a shagonsa cewa shi ya ba da shawarar a rufe. Bakinsa ne, ya yi ta yi.

Mun mayar da akwatin kusurwarsa. Duk mako ina zuwa da reza da tiyo, ita kuma tana auna abinci a farcenta, jar ciyawar har ta fara toho. Labulen kuwa na tafi da shi shago. Bakinsa ya zare tun tuni, Mai Hoto ya fi sau goma yana cewa in kalmashe masa, ni kuma kullum sai in ce gobe. Na kalmashe, na bi shi da ɗinki biyu, na kai mata ta ajiye.