Kallon Tsuntsu a Gonar Baba Tanko

Mun tashi daga Kazaure da asuba, ana idar da salla, ni da wani Baturen gandun daji da aka ce in yi wa tafinta, da kukunsa, da 'yan dako. Ba aikin gwamnati ya fitar da mu ba. Hutu ya samu, kuma abin da yake yi da hutunsa shi ne kallon tsuntsaye. Ba harbi, ba tarko, kallo kawai, da wani madubi mai ido biyu da yake ratayawa a wuya. Da na faɗa a gida sai da aka tambaye ni ko mutumin lafiyarsa ƙalau.

Tun kafin mu fita ya ishe ni da tambayar inda tsuntsu ya fi yawa. Shi dai ransa na ƙasar da Faransawa ke mulki, tsallaken iyaka, wai an ba shi labarin wani tafki da gauraka ke sauka. Saboda haka Babura muka fara nufa. Lokacin marka ne, hanya ta jiƙe sharkaf, kusa da Achilafiya motarmu ta kafe, muka fita turi har kukun da farar rigarsa. A kasuwar Babura nono kamar a ba ka kyauta, amma hatsi ya yi tsada, don rumbuna sun yi ƙasa, kowa idonsa na kan sabon gero. A bakin iyaka masu gadi suka ce ba mai wucewa sai da izinin kumandansu. Bature ya yini yana zagin Faransawa, ni kuwa na sha furata a inuwa.

Muka juyo Roni, muka ajiye motar muka hau dawaki. Duwatsun Roni da damina abin kallo ne, an kuma karɓe mu da dambun zogale da dafaffiyar gyaɗa. Bature ya ga hasbiya da cilakowa da shaho, ya taɓe baki ya ce waɗannan ai har bayan gidansa suna zuwa. Yana son wurin da tsuntsu zai rufe sama.

A wani ƙauye na ƙasar Gwiwa ya sami abin da yake so, kuma a nan tafiyar ta fita daga raina. Dagacin garin, don neman gindin zama, ya kai mu bakin wata fadama, gonar wani dattijo mai suna Baba Tanko. Daga baya na gane dalilin zaɓar ta: dattijon baƙo ne a garin, ba shi da wanda zai tsaya masa. Geronsa ya fitar da kai, ƙwaya ba ta ƙosa ba, daidai lokacin da ƙananan tsuntsayen nan, jan baki, ke saukowa daga ciyayin fadama. Ya kafa rumfa a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi ta kowace kusurwa, ya rataya musu sakaina da gwangwanaye. Daga fitowar rana har faɗuwarta yana kan rumfar nan, ya ja igiya, ya yi ihu, ya wurga majajjawa, matarsa na karɓarsa idan zai yi salla. Gonar nan ita ce abincinsu na shekara, ba su da wata.

Bature ya ɗaga madubinsa, Baba Tanko ya ja igiya, tsuntsaye suka watse. Sai Bature ya ce in gaya musu hayaniyar nan ta dame shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan aka daina, za su cinye gonar." Ya yi dariya ya ce ɗan tsuntsun da bai kai babban yatsa ba me zai ci. Na maimaita masa, ya juya mini baya. Dagaci bai ma jira fassara ba, fuskar Bature kawai ya duba, ya sa aka kwance igiyoyin, aka sauko da dattijon daga rumfa.

Baba Tanko bai yi gardama ba. Ni ya kalla ya ce, "Malam, zuwa yaushe?"

Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba."

Kwanaki muka yi a wurin. Kullum da hantsi sai tsuntsayen su taso daga fadama, baƙi ƙirin kamar hadari, su kwanta a kan zangarniya har kara ya sunkuya. Ƙarar cinsu kawai kake ji. Bature na zaune a kujerarsa ta tafi-da-gidanka, kuku na miƙa masa shayi, yana ta murna yana cewa bai taɓa ganin irin wannan ba. Mai gonar kuma yana tsugune a kan kunya, hannunsa a kumatu. Na sake magana, Bature ya ce aikina fassara ne. Na je wa dagaci, ya ce in rufa masa asiri, shi ma rawaninsa yake tsaro. Ban taɓa jin takaici irin na kwanakin nan ba, har abinci ya daina shiga mini.

Ranar da za mu tafi na shiga gonar. Duk zangarniyar da na kama, ƙaiƙayi ne ke zubowa. Matar Baba Tanko tana bin gindin kara da tsintsiya, tana tattara abin da ya faɗo daga bakin tsuntsaye. Bature kuwa ya ce in gaya wa dagaci ya gode, wurin nan ya fi duk inda ya je, baɗi ma da abokansa zai dawo. Dagaci ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ɗaya daga cikin 'yan dakonmu ya yi targaɗe, aka nemi wanda zai maye gurbinsa. Baba Tanko ne ya fara matsowa, don ya ji ana ciyar da 'yan dako a hanya. Shi ya ɗauko akwatin Bature a kansa har Roni, da furfurarsa, kuma Bature bai ko gane shi ba.

Mun shigo Kazaure da la'asar a motar, har da shi da sauran 'yan dako. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, wanda abincinsa ke zuwa a gwangwani ba zai taɓa tambayar gonar wa tsuntsu ya sauka ba, kuma namu masu rawani ba za su gaya masa ba. Ana sauke kaya na ce wa Baba Tanko ya kwana a gidana, gobe in nema masa abokan komawa. Ya girgiza kai.

"In koma in girbi me, Malam? Nuna mini hanyar Kano."

Kowa a ƙasar nan yana wasa lauje yana jiran kaka, shi kuwa ya kama hanyar cin rani, ko gammon da ya ɗauko kaya da shi bai ajiye ba.